Yadda Ake Ɗanɗana Gahawar Saudiyya da Zaɓen Dabinon da Ya Dace da Ita

Duk Bahaushen da ya zauna a Makka ko Madina ko Jidda, ko da na 'yan watanni ne, ya san ƙaramin finjalin nan da ake miƙo wa baƙo da wani ruwa fatsi-fatsi a gindinsa, mai ƙamshin hel (ƙwayar ƙamshin nan da Turawa suke kira cardamom), babu sukari babu madara. Da yawa daga cikin waɗanda suka taso da shayi mai kauri da zaƙi sukan karɓa ne don kara, su haɗiye da sauri, su yanke hukunci a ransu cewa ruwan ɗaci ne kawai. Abin da yake jawo wannan hukunci shi ne an sha gahawar ita kaɗai, alhali masu ita sun hana ta sukari ne da gangan domin dabino ya tsaya a matsayinsa. Ɗanɗanonta ba ya cika sai sun haɗu a baki, kuma kowace gahawa tana da irin dabinon da yake fito da ita da irin wanda yake danne ta. Wannan jagora ta ginu ne a kan haka: a koyi jin gahawar tukuna, sannan a nemo mata abokin tafiya.

Abin sha ne mai tsohon tarihi a wannan ƙasa. Sufayen Yaman ne suka shahara da shanta a ƙarni na 15 don ta taimaka musu a kan ibadar dare, daga nan ta hauro Hijaz, har ta kai wani jami'in daular Mamluk ta Masar mai suna Kha'ir Beg ya hana shanta a Makka a shekarar 1511, hanin da bai yi ƙarko ba. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya gahawar Larabawa cikin al'adun duniya da ake kiyayewa, sannan Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya ta ayyana 2022 a matsayin Shekarar Gahawar Saudiyya, wadda a cikinta ne shaguna da gidajen abinci suka koma kiranta da wannan suna.

Mataki na farko yana faruwa ne a kasuwa. A je mahmasa, wato shagon da ake soya 'ya'yan gahawa a kuma niƙa su a gaban mai saye, a guji garin da aka riga aka haɗa da kayan ƙamshi aka ƙulle a leda, domin wanda yake son ya koyi ɗanɗano dole ne ya san abin da ya zuba da hannunsa. Irin waɗannan shaguna suna da yawa, daga Bab Makka a Jidda har unguwannin da ke kewaye da Shara Mansur a Makka. Sunaye biyu ne za a fi ji a bakin mai shago. Akwai Harari, wadda ake kawowa daga Habasha, ita ce ta gidaje da yawa saboda ƙarfinta da sauƙin kuɗinta. Akwai kuma Khaulani, wadda ake nomawa a duwatsun Jazan da Asir da kuma tsallaken iyaka a Yaman, ta fi tsada, kuma ilimin nomanta ya shiga jerin UNESCO a 2022. Ga mai koyo, rubu'in kilo na kowace ya wadatar.

Bayan iri sai suya, kuma a nan ne yankunan ƙasar suka rarrabu. Galibi mutanen kudu suna son suya mai haske ƙwarai, su ƙara citta da kirfa. Mutanen Najad suna tsayawa a tsaka-tsaki mai ruwan zinariya, da hel da za'afaran da ɗan kanumfari. A Hijaz ana samun masu jefa ƙwayar mastika, wato wani irin ƙaro mai ƙamshi, tare da hel. Mutanen arewa kuwa, wajen Ha'il da Jauf, suna barinta a wuta har ta yi duhu, ɗacinta ya fito sosai. A nemi mai shago ya ba da ƙwaya ɗaya a tauna kafin a saya. Idan ta ba da garɗi irin na gyaɗar da aka soya daidai, suyar ta yi. Idan ta ba da gafi irin na ɗanyen wake, ba ta nuna ba, kuma babu yawan hel da zai ɓoye wannan a cikin finjali. Idan kuwa ƙauri ne ya fara bugun hanci, ta ƙone. A ce masa ya ɓarza ta, kada ya mayar da ita gari mai laushi, kuma gara a bar masa aikin, domin 'ya'yan da aka yi wa suya mai haske suna da tauri har sukan lalata ƙaramin injin niƙa na gida.

Hel a saye shi da ɓawonsa, kore shar, mai nauyi a hannu. Wanda ake kira ɗan Amurka a kasuwa daga Gwatemala yake zuwa, ɗayan kuma daga Indiya. A fasa guda a duba: 'ya'yan ciki su kasance baƙaƙe masu ɗan danƙo, domin waɗanda suka yi fari suka bushe ƙamshinsu ya riga ya tafi.

Mataki na biyu shi ne dahuwa. A tafasa lita ɗaya ta ruwa mai daɗi a buta. Ruwan da ya kwana a tankin saman gida yakan zo da nasa ɗanɗano, saboda haka ruwan gora ya fi dacewa da ranar gwaji. Idan ya tafasa a rage wuta, a zuba babban cokali uku a cike na gahawa, a tsaya a kanta, domin a mintin farko takan yi kumfa ta taso. A bar ta tana ɗan motsi a wuta kaɗan kamar minti goma sha biyar, ba ɓararraka ba. Mai haske sosai tana iya ɗaukar ashirin, mai duhu kuwa goma ya ishe ta. A sauke, a bar garin ya kwanta na 'yan mintuna. Kafin nan a ɗauraye fulas ko dalla, wato butar gahawa ta Larabawa, da ruwan zafi, a zuba a ciki babban cokali ɗaya na hel da aka daddaka sama-sama da 'yan silin za'afaran, sannan a tace gahawar a kansu, a rufe, a jira minti goma. Dalilin wannan tsari shi ne ƙamshin hel mai ne da yake tashi da tururi: idan aka dafa shi tare da gahawa tun farko, ƙamshin ya tafi sararin ɗaki, ɗacin ɓawon kuma ya zauna a buta. Kanumfari uku ko huɗu sun isa lita guda, kuma a ranar farko na fi son a bar shi gaba ɗaya, don yana da saurin mamaye komai.

Mataki na uku, wanda shi ne ainihin aikin, shi ne ɗanɗanawa, kuma yana farawa da shirya baki. Kada a ci goro ko abu mai yaji, kada a goge haƙori da man goge baki, aƙalla rabin sa'a kafin a fara. A jinkirta kunna turaren wuta har sai an gama, domin hanci ne yake yin fiye da rabin aikin, kuma hayaƙin turare yana rufe shi. A ajiye kofin ruwa a gefe, a yi amfani da finjali mai farin ciki.

A zuba kaɗan, a duba a wurin haske. Gahawa mai kyau takan kasance garau, daga ruwan zinariya zuwa ruwan zuma gwargwadon suyarta. Idan ta yi duhu-duhu kamar ruwan kududdufi, ko dai an niƙa ta da laushi, ko ba a bar ta ta kwanta ba. Idan launinta ya yi rawaya mai ƙarfi har yana rina gefen finjali, za'afaran ya yi yawa, ko kuma abin da aka saya a matsayin za'afaran rini ne a jikinsa.

Sai a shinshina sau biyu. A karo na farko hel ne zai fara zuwa, mai sanyi, mai ɗan kama da ɓawon lemo. A ɗan juya finjalin a hannu, a sake kai shi hanci a hankali, a nemi abin da yake ƙarƙashin hel: ƙamshin hatsin da aka soya, wanda shi ne gahawar kanta. Idan an neme shi an rasa, hel ya yi yawa, kuma wannan shi ne aibin da na fi cin karo da shi a gidajen da ake ganin yawan hel alamar karamci ne. Karamcin yana da kyau, amma baƙo ya tashi ya sha ruwan hel ne.

Daga nan a kurɓa kaɗan, bayan ta ɗan huce, domin zafi mai ƙuna yana toshe harshe. A riƙe ta a baki na ɗan lokaci, a bar ta ta zagaya, a haɗiye, a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne za'afaran da mastika suke bayyana. Abubuwa huɗu ake saurare. Akwai ɗaci, wanda ya kamata ya zo a tsabtace ya wuce. Akwai ɗan tsami mai wartsakarwa, wanda ya fi fitowa a suya mai haske. Akwai bauri, wato bushewar da ake ji a harshe da dasashi, wanda kaɗan daga cikinsa yana da amfani amma yawansa alamar an daɗe ana dafawa ne. Sannan akwai abin da ya rage a baki bayan an haɗiye: idan garɗi ne da ƙamshi suka daɗe, gahawar ta yi; idan maƙaƙi ne a maƙogwaro, akwai gyara a suya ko a dahuwa; idan kuwa ba a ji komai ba, ta yi lami, a ƙara rabin cokali a karo na gaba. A maimaita kurɓar sau uku, domin ta farko baki bai saba ba, ta biyu ce take faɗin gaskiya, ta uku kuma tana nuna yadda gahawar take canzawa idan tana hucewa.

Sai an san gahawar a haka sannan a kawo dabino, wanda shi ne mataki na huɗu. A jera iri uku a faranti, Khalas da Sukkari da Ajwa, kuma idan a firiza aka ajiye su a fito da su tun da wuri su sha iska, domin sanyi yana rage jin zaƙi da ƙamshi. A kurɓi gahawa, a gutsuri rabin dabino, a tauna har ya baje a harshe, a sake kurɓa tun zaƙin bai tafi ba, sannan a kurkure baki da ruwa kafin a koma kan iri na gaba. Tambayar da ake yi wa kai guda ce: bayan an haɗiye, ana jin su biyun, ko ɗaya ya cinye ɗaya? Ƙa'idar da nake bi ita ce nauyi ya tafi da nauyi, wato gahawa mai sauƙi da dabino mai matsakaicin zaƙi, gahawa mai ɗaci da dabino mai zaƙi ƙwarai.

Khalas, wanda dausayin Al-Ahsa ya yi suna da shi, yana da laushi da danƙo, zaƙinsa kuma yana da zurfi kamar na sukarin da aka narkar a wuta har ya yi ja. A wurina babu abin da ya kai shi dacewa da gahawar Najad mai za'afaran: danƙonsa yana manne wa harshe, gahawar ta zo ta wanke shi, ɗacinta ya sauka, ƙamshin za'afaran ya tsaya a ƙarshe. Wanda zai sayi iri ɗaya tak don baƙi, ya sayi wannan.

Sukkari na yankin Ƙasim ne, inda ake cin babbar kasuwar dabino ta Buraida duk shekara a lokacin girbi. Ɗanyensa mai laushi yana narkewa a baki, zaƙinsa kuma yana zuwa gaba ɗaya a lokaci guda. Idan aka haɗa shi da gahawa mai haske sosai sai ya haɗiye ta, mutum ya ji kamar ruwan ɗumi ya kurɓa. Abokiyarsa ita ce mai duhu irin ta arewa, wadda take da ɗacin da zai tare shi. Busasshen Sukkari ya fi sassauci, yana iya tafiya da tsaka-tsakin suya.

Ajwa ta Madina tana da daraja ta daban a zuciyar kowane Musulmi, saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da falalar cin guda bakwai da safe, kuma alhazanmu ba sa komawa gida sai da ita. Ta fuskar ɗanɗano baƙa ce, ƙarama, zaƙinta a natse yake, ba ya ihu. Saboda haka gahawa mai duhu tana fin ƙarfinta, ɗaci ya rage a baki babu mai tare shi. A ba ta gahawa mai haske irin ta Hijaz, da hel daidai da ƙwayar mastika guda, a nan ne ake jin duka abin da ke cikinta. Safawi, shi ma ɗan Madina, yana da tsawo da ɗan tauri a tauna, farashinsa da sauƙi, kuma yana tafiya da kusan kowace suya. Sag'i mai busasshen kai da laushin jiki yana jure gahawar kudu mai citta.

Iri biyu ne nake ba da shawarar a yi hattara da su. Barhi da ake ci yana rawaya yana ƙaras-ƙaras yana da nasa baurin, idan ya haɗu da na gahawa sai baki ya bushe; a bar shi ya nuna ya yi laushi tukuna. Busasshen dabino irin na Agadas da muka sani a gida kuwa zaƙinsa yana jinkirin fitowa, kafin ya iso gahawar ta wuce, saboda haka sai an tauna shi sosai kafin a kurɓa.

Idan gahawa ta zo da kaushi kuma baƙi sun riga sun zauna, maiƙo ne maganinta. Wannan ne ya sa ake ajiye ƙaramin kwanon tahina (niƙaƙƙen riɗi) ko gishɗa (kirim ɗin madara) kusa da dabino: maiƙon riɗi ko na madara yana shafe harshe, bauri ya ragu. Kayan zaƙin ƙasar ma suna bin wannan ƙa'ida ta nauyi. Kileja ta Ƙasim tana ɗauke da nata hel da kirfa a ciki, don haka a rage kayan ƙamshin gahawar da za a sha da ita. Ma'amul mai cikin dabino yana son tsaka-tsaki, lugaimat da aka jiƙa da zuma ko ruwan dabino kuwa sai mai ɗaci.

Kayanmu na gida ba su da wata kasawa a wannan faranti, kuma ina jin takaicin yadda muke ɓoye su idan maƙwabta Larabawa sun shigo. Kantun riɗi ya dace da gahawa mai haske ƙwarai, don garɗinsa da nata hanya ɗaya suke bi. Gireba, da yake zaƙinta kaɗan ne kuma tana marmashewa, tana barin hel ya fito. Alkaki da dubulan, masu zaƙi da mai, a ba su mai duhu. Nakiya tana zuwa da yajinta, saboda haka kada a sa citta ko kanumfari a gahawar da za ta raka ta. Kilishi da tsire, wanda mutanen Makka da Jidda suka daɗe da karɓa a wurinmu, ba abokan gahawa ba ne, domin barkono yana kama harshe har ba a jin komai bayansa. Shayi ya fi dacewa da su. Wannan ma ya yi daidai da tsarin majalisar ƙasar, inda ake tarar baƙo da gahawa da dabino da zarar ya zauna, shayi ya biyo baya.

Mataki na biyar shi ne miƙawa. Mai gida ya fara kurɓa daga finjalinsa kafin ya zuba wa kowa. Tsohuwar al'adar makiyaya ce da ake yi don baƙo ya natsu, kuma a yau amfaninta shi ne kada a miƙa abin da ya huce ko ya lalace. Ana riƙe dalla da hannun hagu, a miƙa finjali da dama, baƙo ma ya karɓa da dama. Ba a wuce sulusin finjali, domin ta huce da wuri kuma mai zubawa ya yi ta dawowa kan baƙonsa. A gidaje da yawa cika finjali fal yana nufin a sha a tashi. A fara da dattijo ko babban baƙo, a ce masa, "Bismillah, Baba," ko "Bismillah, Alhaji," sannan a bi ta dama, kamar yadda ya zo a hadisin Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙa madara ga balaraben ƙauyen da ke damansa alhali Sayyidina Abubakar yana hagunsa. Baƙon da ya ƙoshi ya ɗan girgiza finjalin kafin ya mayar, in ba haka ba za a ci gaba da zuba masa. Yaran gidanmu da aka haifa a nan sun san wannan tun suna ƙanana. Sababbin zuwa ne ya kamata a sanar da su kafin a kai su gidan maƙwabta.

Hasken launinta kada ya ruɗi kowa, sinadarin da ke hana barci yana nan a cikinta kamar kowace gahawa, kuma ƙanƙantar finjali tana sa a sha da yawa ba a lura ba. Mai juna biyu da mai hawan jini su taƙaita, su bi abin da likita ya ce. Wanda yake fama da ƙarancin jini ya raba ta da lokacin cin abinci da kamar sa'a guda, domin tana rage yadda jiki yake ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci. Mai ciwon sukari kuma ya tuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne. A watan azumi, inda gidaje da yawa suke buɗa baki da dabino da gahawa, mai gyambon ciki ya fara da ruwa da miya kafin ya kai gare ta.

Saura adanawa. A riƙa sayen abin da za a shanye cikin sati biyu ko uku, a zuba a kwalba mai murfi nesa da zafin murhu, a ajiye hel dabam da ɓawonsa, a daka shi ranar da za a yi amfani da shi. A ware fulas guda don gahawa kaɗai, domin wanda aka taɓa zuba wa shayi mai madara ko kunu yana riƙe warinsu a robar murfi, kuma a riƙa jiƙa shi da ruwan zafi da ɗan bakar hoda lokaci-lokaci maimakon sabulu mai ƙamshi. Gahawar da ta yi sa'o'i a fulas takan yi duhu, hel ɗin da ke ciki ya saki ɗaci, saboda haka idan ana sa ran baƙi bayan La'asar da kuma bayan Isha'i, a dafa rabin lita sau biyu.